Albarka da Sallama: Tarihin Alkawari da Ɓarna a Kwarin Maraɗi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kara ranar kasuwa, ko a Madarunfa, ko a Gabi, ko a Ɗan Isa, ya san yadda cinikin sa yake tafiya. Mai saye zai zagaya dabbar, ya buɗa bakinta ya dubi haƙora, ya dafa tozo, sa'an nan ya taya. Mai sa ya kau da kai ya ce albarka. Dillali ya shiga tsakani, ya ja wannan gefe, ya raɗa wa wancan magana a kunne, a yi ta ƙari ana albarka, har a kai inda mai sa zai nisa ya ce ya sallama. Daga nan igiya ta koma hannun wani. Babu takarda, babu hatimi, amma duk wanda ke wurin ya san cewa wani abu ya auku wanda ba ya warwaruwa cikin sauƙi.

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance shi ne wata tambaya da wani ɗalibina ya yi mini a aji, ranar da muka ci karo da kalmar contrat a cikin wani nassi na Faransanci. Ya ce, "Malam, mu da can da ba mu da wannan abu, yaya muke yi?" Yaron nan ɗan dillali ne, ya tashi yana jin taya da albarka da sallama tun kafin ya iya karatu, amma makaranta ta sa ya ɗauka cewa doka sai wadda ta zo cikin littafi daga Faransa. Na ce masa ya je ya tambayi babansa ko mutum yana iya sallama sa, ya ga wani ya zo da kuɗi mafi tsoka, ya ce ya fasa. Washegari ya dawo ya ce babansa ya yi dariya, ya ce wanda ya yi haka ya gama cin kasuwa a garin nan.

To, taya da sallama su ne abin da masana shari'ar kasuwanci suke kira miƙa buƙata da amsa ta, ginshiƙan kowace yarjejeniya. Ɗaya ɓangaren kuwa, wanda littattafan Turai suke ware masa babi na dabam, shi ne ɓarna, wato haƙƙin da ke hawa kan mutum ba don ya yi alkawari ba, sai don ya jawo wa wani hasara. Waɗannan abubuwa biyu suna da tarihi a ƙasarmu, kuma rashin sanin tarihin nan ya sa wasu sun rasa gonaki, wasu sun rasa jari, wasu ma sun rasa rayuka.

Littattafan alƙali

Kwarin Gulbin Maraɗi yanki ne na tsohuwar ƙasar Katsina. Bayan da birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi wajen shekara ta 1807, gidan sarautar Haɓe ya watse, Ɗan Kasawa ya yi zaman gudun hijira a ƙasar Damagaram, sa'an nan wajen 1819 ya dawo ya kafa gadonsa a Maraɗi da goyon bayan mutanen kwarin. Katsinawan nan ba da takobi kaɗai suka zo ba. Sun zo da sarautunsu, Galadima da Ƙaura da Durɓi da Ƴanɗaka, sun zo da malamansu da alƙalinsu, domin kuwa Katsina gari ne na ilimi tun zamanin da Shaihu Magili ya ratsa ta a ƙarshen ƙarni na 15, da zamanin Ɗan Masani da Ɗan Marina a ƙarni na 17. Yaƙin da aka shekara da shekaru ana yi tsakanin Maraɗi da Katsina ta Fulani bai hana ɓangarorin biyu karanta littattafai iri ɗaya ba. Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, da Muhtasar na Halil, wanda almajirai ke kasawa Lawwali da Sani, da Tuhfa ta Ibn Asim mutumin Garnaɗa, su ne abin da alƙali ke buɗawa a can da nan.

Wani abin sha'awa a mazhabar Malikiyya shi ne yadda take ɗaure ciniki da baki. A wajen Shafi'awa, mai saye da mai sayarwa suna da zaɓin fasawa muddin ba su tashi daga wurin cinikin ba. Imamu Malik ya ruwaito hadisin da ake kafa hujja da shi kan haka, amma bai yi aiki da shi ba, saboda bai tarar mutanen Madina suna yi ba. A wajensa, da zarar an furta yarda, ciniki ya faɗa. Wannan ya yi daidai ƙwarai da tunanin Bahaushe, wanda ya ce magana zarar bunu ce. Ban san ko fiƙihu ne ya koya wa kasuwa ko kasuwa ce ta sami fiƙihun da ya dace da ita ba sai na lura cewa dokar Faransa ma haka ta ce a aya ta 1583: sayarwa ta kammala da zarar an daidaita a kan kaya da farashi, ko da ba a miƙa kaya ba, ko da ba a biya kuɗi ba. Ke nan dillalin Madarunfa da malamin Ƙairawan da lauyan Paris sun haɗu a kan gaɓa guda ba tare da sun san juna ba.

Sai dai sallama ba ta rufe ƙofar gyara. Idan mai saye ya kai sa gida ya tarar yana da aibin da aka ɓoye masa, wanda kuma ya riga cinikin, yana da ikon mayar da shi. Shi ya sa dillali na ƙwarai yake faɗin aibi tun a kara, gaban shaidu, don kada gobe a zo a tsaya masa a ƙofar gida. La'adar da yake karɓa ba ta kai-da-kawo kaɗai ba ce. Shi ne shaida, shi ne wanda ya san mai dabba da garinsu, shi ne za a kama idan ta bayyana cewa dabbar ta sata ce. Haka nan mai masauki yake ga fatake: shi ke sauke baƙo, ya adana masa kaya, ya nemo masa masu saye, ya tsaya masa lamuni idan an ba da bashi. A kan wannan tsari ayarin Hausawa suka yi ta zuwa Gwanja ɗauko goro, tafiyar watanni, suna bin ƙasashen da babu sarki guda da ke iko da su duka. Abin da ke riƙe da bashin da aka ci a Salaga a biya a Katsina shi ne suna, domin bafataken da ya ci amana a wani zango labarinsa kan riga shi isa na gaba. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya bi ta Tasawa da Gazawa a farkon 1851, ya tarar ana ba da wuri 2,500 a kan liyari guda a Kano. Mai karatu ya auna wahalar ƙirga kuɗin doki ko na raƙumi da wuri, zai gane dalilin da ya sa manyan cinikayya suka fi tafiya a kan bashi da musaya da amana.

Fiƙihu bai yarda da kome da kasuwa ke yi ba. Ya hana sayar da abin da ke cikin duhu, kamar ɗan da ke cikin saniya ko amfanin gona tun bai nuna ba, ya kuma hana riba. Amma yunwar damina ba ta karanta Risala. Falle, inda manomi kan karɓi dami guda lokacin da rumbu ya ƙare ya biya biyu da kaka, ya rayu a ƙauyukanmu duk da wa'azin malamai, haka ma jinginar gona da mai kuɗi ke nomawa shekara da shekaru yana cin amfaninta alhali bashin yana nan yadda yake. Wanda duk zai rubuta tarihin nan da gaskiya dole ya yarda cewa akwai rata tsakanin abin da littafi ya ce da abin da ake yi, kuma talaka ne ke faɗawa cikin ratar.

Dare da rana

A fannin ɓarna, shari'ar da ta fi kowace tsufa a kwarin nan ita ce ta dabba da gona. Alƙur'ani ya kawo ta a surar Annabawa, inda Annabi Dauda da Annabi Sulaimanu suka yi hukunci a kan gonar da tumaki suka shiga da dare. Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta kawo labarin taguwar wani sahabi, Bara'u ɗan Azib, da ta shiga lambun wani ta yi ɓarna, aka yanke cewa tsaron lambu da rana yana kan masu shi, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuwa yana kan masu dabbobin. Risala ta taƙaita wannan a layi guda, malaman baya kuma suka ƙara masa sharaɗi: idan makiyayi yana tare da dabbobin, ko an sake su dab da gonaki, to ɓarnar rana ma tana da mai biya.

Hikimar wannan rabo a fili take ga wanda ya san zaman karkara. Da rana manomi yana gona, idonsa biyu, yana iya kora. Da dare yana barci, kuma turke da igiya suna hannun mai dabba. An ɗora wa kowa tsaron lokacin da ya fi iya tsarewa. A aikace, mai gari kan tura dattawa su je su ga ɓarna da idonsu, su bi sawu, su kimanta damman da aka rasa, a kira ardo ko mai garke, a daidaita. Sau da yawa mai gona kan yafe rabi, ko ya yafe duka bayan an amsa laifi, saboda ya san da rani zai nemi garken nan ya kwana masa a gona don taki, matarsa kuma za ta ba da hatsi ta karɓi nono.

Akwai wata ƙa'ida ta Malikiyya da ya kamata masu sana'a su sani. Asali, wanda aka ba ajiya ba ya ramawa idan ta salwanta ba da sakacinsa ba. Amma an cire masu sana'a daga wannan sassauci: maɗinki da marini da maƙeri, idan suka karɓi kayan mutane suka tafi da su wurin aikinsu, kayan suka ɓace, su ne da ramuwa, sai fa in sun kawo shaidar cewa ba da hannunsu ba ne. Dalilin da malamai suka bayar shi ne maslahar jama'a, don kada kowane tela ya wayi gari ya ce ɓarawo ya shiga. Idan kuma ɓarnar ta kai ga jini, sai diyya: raƙuma 100, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000, kuma a kisan kuskure dangin wanda ya yi ne ta wajen uba suke haɗuwa su biya. Ina yawan gaya wa ɗalibai cewa wannan ita ce inshorar farko da kakanninmu suka sani.

Shehu Usmanu, a cikin Kitabul Farƙi, ya zargi sarakunan Haɓe da mayar da hukunci hanyar tara dukiya, da cin tarar mutane maimakon yanke abin da shari'a ta ce, da karɓar gaisuwa kafin a saurari mai ƙara. Littafin na abokin gaba ne, an rubuta shi cikin zafin rikici, saboda haka ana karanta shi da lura. Amma tambayar da ya tayar ba ta mutu ba: idan an biya kuɗin ɓarna, aljihun wa za su shiga, na wanda aka cuta ko na wanda ya yanke hukunci? Wannan shi ne bambancin diyya da tara, kuma har gobe akwai zaurukan da ake cuɗa su.

Zuwan takarda

Yarjejeniyoyin Faransa da Ingila na 1898 da 1904 da 1906 suka tsaga ƙasar Katsina biyu, aka bi aka kafa turakun iyaka tsakanin 1906 da 1908. Maraɗi da Madarunfa suka faɗa wa Faransa, Jibiya da Katsina suka faɗa wa Ingila. Dokar 10 ga Nuwamba 1903 ta tsara shari'ar ƴan ƙasa a Afirka ta Yamma ta Faransa hawa uku: ta ƙauye a hannun mai gari, ta yanki a hannun sarki da mashawartansa, da ta bariki a hannun kumandan. Ta ce a bi al'adun gari muddin ba su saɓa wa abin da ta kira wayewar Faransa ba, kuma kumandan ne ke auna saɓanin. Dokokin 1912 da 1924 da 1931 suka yi ta ƙara janyo hukunci zuwa teburin Bature, har alƙali ya koma mai ba da shawara a gefen wanda bai san Larabci ba, bai kuma ji Hausa sosai ba. A tsakaninsu kuwa ga tafinta, wanda shari'a ke ratsawa ta bakinsa sau biyu, shiga da fita. Ba banza ba tsofaffi suke cewa shari'a mace ce da ciki.

Wata doka da ba a cika ambata ba, ta 2 ga Mayu 1906, ta buɗe wa ƴan ƙasa hanyar rubuta yarjejeniyarsu da Faransanci, su kai wa kumandan ya tabbatar. A ido abin kirki ne, kuma ba baƙo ba ne ga Musulmi, tun da aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a surar Baƙara, umurni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu. Amma rubutun da malamai suka iya, na Larabci da na ajami, ba shi ne dokar ta ɗaukaka ba. Daga ranar nan aka sami hujja iri biyu a ƙasa ɗaya, ta baki da ta takarda, kuma wanda ya san hanyar bariki ya sami makamin da maƙwabcinsa ba shi da shi.

Gujiya ce ta shigar da kwarin nan cikin kasuwar duniya. Kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA suka buɗe kantuna a Maraɗi, suka riƙa ba ƴan kasuwar gari kuɗin gaba, su kuma su rarraba wa yaransu su shiga ƙauyuka da ma'auni. Sarƙar nan takarda ce daga sama, baki ne daga ƙasa. Tsakanin kamfani da babban mai saye akwai lissafi da sa hannu, tsakanin mai saye da manomi kuwa sai shaidar mai gari da tsoron Allah. Idan shekara ta yi kyau kowa ya ci, idan fari ya zo hasara ta gangaro har ta tsaya a kan wanda ba shi da wanda zai tura wa.

Da aka sami mulkin kai a 1960, Nijar ta gaji kundin dokokin zaman jama'a na Faransa, wanda asalinsa na 1804 ne. Aya ta 1108 ta kafa sharuɗɗa huɗu na ingancin yarjejeniya: yarda, da cancantar mai ƙullawa, da abu sananne, da dalili na halal. Duk almajirin da ya kai babin ciniki a Risala zai ji kamar ya san su. Aya ta 1134 ta mayar da yarjejeniya doka a kan waɗanda suka ƙulla ta, wato alkawari kaya ne. Aya ta 1382 ta ɗora gyaran ɓarna a kan wanda laifinsa ya jawo ta. Inda hanya ta rabu ita ce aya ta 1385, wadda ta ce mai dabba ko mai amfani da ita shi ne da alhakin ɓarnarta, tana hannunsa ko ta kuɓuce, ba ta san dare ba, ba ta san rana ba. Faransa ta sake wa waɗannan ayoyi lambobi a 2016, ta 1382 ta koma 1240, abin da ke rikita ɗalibanmu masu karatu da littattafan can. Dokar 16 ga Maris 1962, da ta 2004 da ta 2018 da suka biyo bayanta, sun bar wa al'ada sha'anin aure da gado da gonakin da ba a yi wa rajista ba, tare da mashawarta masana al'ada a gefen alƙalin gwamnati.

Alhazai da iyaka

Manazarcin nan Emmanuel Grégoire ya wallafa littafi a 1986 a kan alhazan Maraɗi, inda ya nuna yadda suka taso daga sayen gujiya, suka yi aiki da SONARA da aka kafa a 1962, sa'an nan da fari da cuta suka karya gujiya tsakanin 1973 da 1975 suka juya ga ratsa da kaya, taba da yadi, zuwa Najeriya. Abin lura a gare mu shi ne cewa kaya na miliyoyi suna tafiya tsakanin alhaji da abokin harakarsa na Kano ko Katsina ba tare da takardar da za a iya nunawa a gaban alƙali ba. Wani ɓangare na harakar ma doka ta hana shi a wancan gefe, saboda haka babu kotun da za a kai ƙara. Amana ce kaɗai, da dangantakar ubangida da bara, da sanin cewa wanda ya ci amana an rufe masa ƙofa.

Amana tana iya tsare mutum daga mugun abokin ciniki, amma ba ta tsare shi daga gwamnati. A watan Afrilu na 1984 Najeriya ta canja launin takardun naira cikin ƴan kwanaki, ta rufe iyakokinta har zuwa 1986, waɗanda ke riƙe da tsohuwar naira a wannan gefe da yawansu suka wayi gari da takardun banza. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Wanda ya ci bashin jika ɗari kafin ranar, nawa zai biya bayanta? Dokar da muka gada ta ce adadin da aka ambata shi ne bashi, ko kuɗin sun yi nauyi ko sun yi sauƙi. Mai bin bashi kuwa yana ganin an ba shi rabin haƙƙinsa. An sake rufe iyakar daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma bayan juyin mulkin Yuli 2023, kowane karo kaya suka ruɓe a cikin motoci tsakanin Ɗan Isa da Jibiya, kowane karo kuma aka koma zaure ana tambayar wa zai ɗauki hasarar da ba laifin kowa ba ce.

Ya kamata a san cewa da an ƙetare turakun nan doka ta canja. Jihar Katsina tana bin tsarin Ingila a manyan kotuna, inda alkawarin da ba a ba da kome a madadinsa ba ba ya ɗaure mutum sai an yi shi da takarda ta musamman, ga kuma kotunan shari'ar Musulunci da aka faɗaɗa ikonsu a 2000. Malikiyya kuwa, a ra'ayinta mafi shahara, ta ce idan ka ce wa mutum ya sayi abu za ka taimaka masa da kuɗi, ya je ya saya saboda maganarka, to ka ɗauru. Mutum biyu ƴan uwa ɗaya, masu harshe ɗaya, suna iya yin ciniki guda da ke ƙarƙashin dokoki uku.

Toda

A ƙarshen Oktoba 1991, ana dab da rufe babban taron ƙasa a Yamai, rikicin manoma da makiyaya ya ɓarke a Toda, cikin ƙasar Gidan Runji. An kashe mutum fiye da 100, akasarinsu mata da yara na Fulani. Ba a yin bayanin irin wannan ta'asa da ayar doka guda, kuma babu ɓarnar gona da ta kai ran jariri. Amma wanda ya dubi shekarun da suka gabace ta zai ga yadda tsohon tsarin ya zaizaye. Jama'a ta yi yawa, gonaki sun cinye burtali da makiyaya da bakin mashaya, manomi ya sami dabbobin kansa ya daina buƙatar takin baƙo, ya fara kwashe kara da harawa yana sayarwa. Musayar da ke sa a yafe ta ragu, aka bar kimar ɓarna a hannun waɗanda wani lokaci suke da kaso a ciki. Idan mai gona ba ya tsammanin za a biya shi, mai garke kuma ba ya tsammanin za a yi masa adalci, kowa sai ya koma ga abin da ke rataye a kafaɗarsa.

Dokar 2 ga Maris 1993, wadda ta aza harsashin kundin karkara, ta daidaita mallakar gona ta al'ada da ta takarda wajen kariya, ta kuma kafa kwamitocin ƙasa da ke ba da takardar saye da kyauta da aro da haya da jingina. Dokar 20 ga Mayu 2010 ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi, ta wajabta a fara neman sulhu a gaban kwamitin da ya haɗa manoma da makiyaya daidai wa daida kafin a je kotu. A ganina dokoki ne masu kyau, kuma mafi kyawun abin da ke cikinsu tsohon abu ne da aka mayar wa riga: dattawa su je su gani da ido, kowane ɓangare da nasa.

A 1993 ɗin dai, ranar 17 ga Oktoba, Nijar ta sa hannu a Port-Louis a kan yarjejeniyar OHADA, wadda ta haɗe dokar kasuwanci ta ƙasashen da suka kai 17 bayan shigar Kongo Kinshasa a 2012, da babbar kotu a Abijan. Najeriya ba ta ciki. Dokar kasuwanci ta bai ɗaya ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 1998, aka sake ta a Lome a Disamba 2010. Ta san dillali, ta ba shi babi. Ta kuma yarda a kafa hujja a kan ɗan kasuwa ta kowace hanya, har da shaidun baki, alhali a mu'amalar da ba ta kasuwanci ba dokar da muka gada tana neman rubutu idan kuɗi sun wuce wani adadi. Sai dai ta zo da abin da Bahaushe bai saba da shi ba: bashin kasuwanci da aka yi shekara 5 ba a nema ba ya faɗi a gaban kotu, a cinikin kaya tsakanin ƴan kasuwa ma shekara 2 ce. Mu da muke cewa bashi hanji ne, muke kuma tambaya a bakin kabari ko akwai mai bin mamaci, kunyar tambayar babban mutum kuɗi tana iya cinye wa'adin nan tun mai haƙƙi bai sani ba. Haka ma wanda mota ta kaɗe wa ɗa a hanyar Maraɗi: kundin inshora na CIMA, da ya fara aiki a 1995, ya tilasta wa mai mota inshora ya kuma tsara yadda ake lissafa diyya, amma iyaye da yawa sukan ce sun bar wa Allah, suna zaton direban ne zai biya daga aljihunsa, alhali kamfanin da ya riga ya karɓi kuɗinsa suka yafe wa.

Harsunan aikin OHADA tun gyaran 2008 su ne Faransanci da Ingilishi da Sifaniyanci da Fotugis. Kundin da aka zartar a Nijar a watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Tsakanin waɗannan biyu akwai aikin da ke jiran irinmu malaman harshe, kuma kalmomin ba ƙirƙiro su za a yi ba: taya, sallama, kafin alƙalami, lamuni, jingina, ajiya, aibi, ramuwa, diyya, duk suna nan a bakin mutane.

A gidanmu akwai wata gona a gefen tabki da kakana ya jinginar a wata shekarar yunwa. Shaidu uku ne, duk sun riga mu gidan gaskiya. Da baffana ya tara kuɗin fansa ya je, jikokin wancan gida suka ce su sun tashi sun ji sayarwa ce, kuma ban ce ƙarya suke yi ba, abin da aka gaya musu ke nan. An yi zama uku a zauren sarki. A na ukun wata tsohuwa, ƙanwar wanda ya karɓi jinginar, ta sa aka kawo ta a amalanke, ta ce ita ta auna hatsin da hannunta, tiya tiya, kuma ba ta ji yayanta ya ce ya saya ba, ba ta ji kakana ya ce ya sallama ba. Aka raba gonar, aka bar musu gefen da suka dasa mangwaro, aka rubuta takarda a gaban kwamitin ƙasa, da Faransanci. Baffana ya dangwala yatsa, ya miƙo mini ita ya ce in karanta masa da Hausa, tun daga sama, kada in tsallake kome.